Sa'a da Mai Ba da Ita

Kalmar "sa'a" tana cikin kalmomin da suka fi sauƙi a bakinmu. Idan ɗalibi zai shiga jarrabawa, sai mu ce masa, "Allah ya ba da sa'a." Idan manomi ya yi shuka da ruwan fari, sama kuma ba ta ɗauke ba, sai mu ce ya taki sa'a. Idan mota ta kife aka fito da mutum babu ko ƙwarzane, sai mu ce ya yi sa'a. Kakanninmu ma sun ce sa'a ta fi sammako. Tun da kalmar tana bin mu gona da kasuwa da asibiti, ya kamata mu tsaya mu tambayi kanmu abin da muke nufi da ita.

Daga Larabci Hausa ta aro kalmar, kuma a can ma'anarta lokaci ne. Har yau muna riƙe da wannan ma'ana, domin mukan ce "sa'ad da", da "sa'an nan", da "tafiyar sa'a 3". Ashe mai sa'a shi ne wanda lokacinsa ya dace da bukatarsa, kamar matafiyin da ya iso tasha daidai ana neman mutum ɗaya a cika mota. To, wane ne a cikinmu ya ƙera lokacinsa? Ba mu zaɓi shekarar da aka haife mu ba, ko gidan da muka tashi, ko ranar da ruwa zai sauka. Duk abin da muke kira sa'a ba mu shi aka yi, kuma mun san Mai bayarwa.

Idan muka manta da wannan, kalmar takan zama mayafin laifi. Direba ya san tayarsa ta cinye, ya ƙara lodi, ya yi gudu; hatsari ya auku, sai mu ce rashin sa'a ne. An cire yarinya daga makaranta an bar 'yan'uwanta maza, bayan shekaru mu ce ba ta yi sa'ar rayuwa ba. Mafi muni, idan arzikin miji ya karye bayan aure, sai a ce matar mai farar ƙafa ce, a ɗora mata nauyin da ba nata ba. Bishara ta Luka, sura 13, ta ba da labarin mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa suka mutu. Ubangiji Yesu ya ƙi yarda cewa sun fi sauran mutanen Urushalima laifi, ya kuma kira masu sauraronsa su tuba. Bala'in da ya sami wani ba hujja ba ce a kansa. Inda kuwa sakacinmu ne ya jawo shi, sai mu kira shi da sunansa.

Akwai kuma masu farautar sa'a. Wani ya nemi laya, wani ya je wurin boka a zaɓa masa rana. Matasanmu da yawa suna zuba kuɗin abinci da na makaranta a cacar ƙwallo ta wayar hannu, suna jiran ranar da za su ci. Katekisim na Ikkilisiyar Katolika, wanda aka fitar a 1992, ya hana duba da tsafi. Game da caca kuwa, ya koyar cewa takan zama laifi idan ta hana mutum abin da yake bukata domin kansa da waɗanda yake riƙo. Magidancin da ya bar 'ya'yansa da yunwa yana neman sa'a ya riga ya zubar da wadda Allah ya ba shi.

A cikin Bishara ta Yohanna, Ubangijinmu ya sha ambaton sa'arsa, tun daga bikin Kana ta Galili. Da sa'ar ta yi, gicciye ce. A idon duniya babu rashin sa'a kamar wannan, amma a cikinta aka cece mu, domin ya karɓe ta daga hannun Uba ya ba da ita saboda mu.

Saboda haka ba mu ce a daina faɗin kalmar ba. Mu ci gaba da yi wa juna fatan sa'a, sai dai mu tuna cewa mai sa'a yana da bashi a kansa. Wanda rumbunsa ya cika bana, ya tuna da maƙwabcin da fari ya cinye masa gero. Wanda ya sami aiki, ya riƙe hannun ɗan gwauruwa har ya gama karatu. Wanda ya fito daga hatsari lafiya, ya je asibiti ya gai da wanda yake kwance. Allah ya ba mu sa'a, ya kuma ba mu zuciyar raba ta da 'yan'uwanmu. Amin.