HUKUNCIN TARA WUƘAƘEN ALJIHU DA YAWO DA SU

Yabo da godiya su tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore wa ɗan Adam ƙarfe, ya sanar da shi yadda zai sarrafa shi. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, akwai wata ɗabi'a da ta daɗe da kafuwa a ƙasashen Turai da Amurka, watau tara 'yan ƙananan wuƙaƙe masu ninkewa, irin waɗanda a ke sakawa cikin aljihu. Mutum ya kan mallaki masu yawa, ya jera su cikin akwati, kowace safiya ya zaɓi wadda zai fita da ita, kamar yadda wani ke zaɓen hula. Yanzu kuwa da wayar hannu ta kawo kasuwannin duniya har cikin ɗaki, sha'awar tana iya kama kowa a ko'ina. Saboda haka ya dace a san abin da Shari'a ta ce game da mallakar wuƙa, da tara ta, da yawo da ita, domin ba ya halatta ga baligi ya aikata abu sai ya san hukuncin Allah a cikinsa.

Masu wannan sha'awa suna da sunayen da su ke girmamawa. Akwai Victorinox ta ƙasar Suwizalan, wadda Karl Elsener ya kafa maƙerarta a garin Ibach a 1884, ya kuma fara ƙera wa sojojin ƙasar wuƙa a 1891. Akwai Opinel ta Faransa mai mariƙin itace, wadda a ka fara yi a 1890. Akwai Okapi, wadda Jamusawa suka fara ƙerawa a 1902 domin kasuwannin Afirka, daga baya a 1988 a ka mai da aikinta Afirka ta Kudu. A Amurka kuwa kamfanin Case ya fito da wata dabara a 1970: ya buga ɗigo 10 a gindin ruwan wuƙa, kowace shekara ya rage ɗaya, don mai tarawa ya gane shekarar da a ka ƙera ta. Ta haka wuƙar da a ka yi don yanka ta koma abin ajiya, har a kan sami wadda ta shekara da shekaru ba ta taɓa yanka ko da zare ba.

ASALINTA HALAL NE

Abu na farko da ya kamata a tabbatar shi ne, wuƙa ni'ima ce daga cikin ni'imomin Allah. A cikin Suratul Hadid, aya ta 25, Allah Ta'ala ya ambaci ƙarfe da siffofi biyu a haɗe: ƙarfin yaƙi mai tsanani, da kuma amfani ga mutane. Duk maganar wuƙa ba ta fita daga tsakanin waɗannan biyu ba. An kuma ambace ta da sunanta a Suratu Yusuf, aya ta 31, inda matar Azizu ta miƙa wa kowace ɗaya daga baƙinta wuƙa a wurin liyafa.

Annabi (S.A.W.) da kansa ya yi aiki da ita. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Amru ɗan Umayya cewa ya ga Manzon Allah yana yankar nama daga kafaɗar akuya, sai a ka kira salla, nan take ya ajiye naman da wuƙar ya tashi. Mai hankali ya dubi wannan da kyau: wuƙa tana hannunsa, amma ba ta cikin zuciyarsa. Haka nan Muslim ya ruwaito cewa ranar layya ya umurci Nana A'isha (R.A.) ta kawo wuƙa, ta wasa ta a kan dutse. A hadisin Shaddadu ɗan Ausi, wanda shi ne na 17 a cikin Arba'una ta Imamu Nawawi, an yi umurni da kaifafa wuƙa da hutar da dabba lokacin yanka, domin Allah ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu. Ashe ke nan wasa wuƙa ibada ce idan niyya ta yi kyau, yanka da dakusasshiya kuwa azabtarwa ce.

Har ila yau, kasancewar wuƙa kusa da mutum ya kan tserar da dukiya. Buhari ya kawo labarin kuyangar Ka'abu ɗan Maliku, wadda ta ga wata akuya cikin garkenta za ta mutu, ba ta da wuƙa, sai ta fasa dutse ta yanka ta da shi, Annabi (S.A.W.) kuwa ya halatta cin naman. Makiyayin da ke da wuƙa a jikinsa ba ya barin dabbarsa ta zama mushe. Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga wannan. Alaramma yana da 'yar wuƙarsa ta fiƙe alƙalami, baduku da tasa ta yankan fata, mahauci da tasa, wanzami da askarsa, matafiyi da wadda zai fere rake ko ya gyara asuwaki. Babu malamin da ya taɓa ganin laifinsu.

TARAWA DA IYAKARTA

Sa'an nan sai maganar tarawa. Musulunci bai hana mutum son abu mai kyau ba. Aya ta 32 ta Suratul A'araf ta yi inkari ga wanda ya haramta ƙawar da Allah ya fitar wa bayinsa. Wanda ya sayi wuƙaƙe kaɗan da halaliyarsa, yana sha'awar gwanintar maƙeri, bai yi saɓo ba. Amma ayar da ta gabace ta, ta 31, ita ce ta hana ɓarna, Suratul Isra'i kuma ta kira masu almubazzaranci 'yan'uwan shaiɗanu. Muslim ya ruwaito daga Jabiru cewa Annabi (S.A.W.) ya lissafa shimfiɗa ɗaya ta mai gida, ɗaya ta matarsa, ta uku ta baƙo, ta huɗu kuwa ya jingina ta ga Shaiɗan. Malamai suka ce abin nufi shi ne abin da ya wuce bukata, a ka ajiye shi don alfahari kawai. To, idan haka a ka ce game da shimfiɗa, ina ga wuƙa ta arba'in a hannun mutumin da aljihunsa bai wuce biyu ba?

Ma'aunin mai sauƙi ne. Idan sayen wuƙa ya taɓa cefanen gida, ko kuɗin makarantar yara, ko ya sa an jinkirta biyan bashi alhali mai bashi yana jira, to sha'awa ta zama zalunci. Tirmizi ya ruwaito cewa ƙafafun bawa ba za su gusa ba ranar Alƙiyama sai an tambaye shi dukiyarsa, ta ina ya same ta, a ina kuma ya kashe ta.

Akwai kuma hukunce-hukunce biyu na fiƙihu da masu tarawa ba su cika sani ba. Na ɗaya, game da ado. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana a cikin Risala cewa an yi rangwamen azurfa a zobe da takobi da Alƙur'ani, amma ba a sanya ta a linzami ko sirdi ko wuƙa. Ya kuma ambaci karhancin amfani da hauren giwa. Saboda haka wuƙar da a ka yi wa mariƙi da azurfa ko zinariya ko haure, wadda ita ce masu tarawa ke rububi, ita ce mabiyin mazhabar Malikiyya zai nisanta.

Na biyu, game da zakka. Wuƙaƙen da mutum ya saya don amfaninsa ko ajiyarsa, babu zakka a kansu. Amma wanda ya saya da niyyar ciniki, to sun zama hajar kasuwanci. Idan mai jujjuya kaya ne, watau yana saye yana sayarwa kullum, zai ƙimanta su kowace shekara ya fitar. Idan kuwa mai ajiyewa ne yana jiran farashi ya hau, zai fitar da zakkar shekara ɗaya ranar da ya sayar, muddin kuɗin ya kai nisabi, shekara kuma ta kewayo. Wanda ya ce tarin wuƙaƙensa jari ne, to ya sani jari yana da haƙƙi.

LADUBBAN ƊAUKA

Abu na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne yawo da ita cikin jama'a. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa cewa an umurci mai wucewa ta masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu, kada ya ji wa wani Musulmi ciwo. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hani ga miƙa wa mutum takobi a zare. Daga nan a ke fahimtar cewa wuƙa a ninke a ke miƙa ta, ko a cikin kubenta, ko a juya wa mai karɓa mariƙin. Muslim kuma ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda ya nuna ɗan'uwansa da ƙarfe, mala'iku suna la'antarsa har sai ya bari, ko da kuwa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. An faɗi dalili a wata ruwaya: Shaiɗan yana iya fizgar hannunsa, ya faɗa ramin wuta. Wasa wuƙa sunna ne, amma wasa da wuƙa la'ana ce.

Bin dokar hukuma a wannan babi wajibi ne, tun da kare rayuka a ke nufi. A Ingila, dokar 1988 ta yarda mutum ya fita da 'yar wuƙa mai ninkewa wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba. Abin da ya zarce haka sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Tun bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka kuma a ka tsananta hana shiga jirgin sama da wuƙa a jiki, don haka maniyyaci ya sa tasa cikin babbar jaka. Idan waɗanda ba su karanta hadisin Abu Musa ba sun kai ga wannan da hankalinsu, Musulmi ne ya fi cancanta da shi.

Abin baƙin ciki, a wasu biranen Arewa wuƙa ta tashi daga hannun mai sana'a ta koma ƙugun yaro. Sunayen 'yan daba a Kano, da ƙauraye a Katsina, da 'yan sara-suka a Bauchi, da 'yan kalare a Gombe, ba ɓoyayyu ba ne, an kuma sha zubar da jini a kan wayar hannu. Saurayi ya kan ce don kare kai ya ɗauka, amma fushi ba ya shawara, abin da ke aljihu kuwa shi ne hannu ke fara kaiwa gare shi. Faɗan da zai ƙare da cacar baki sai ya ƙare da gawa: gida ɗaya na zaman makoki, ɗaya na zarya a kotu. Suratun Nisa'i, aya ta 93, ta tanadi Jahannama da fushin Allah da la'anarsa ga mai kashe mumini da gangan, kuma jini ne farkon abin da za a yi hukunci a kansa tsakanin mutane ranar Alƙiyama.

Don haka nauyi yana kan iyaye su san abin da 'ya'yansu ke fita da shi, domin icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yana kan maƙeri da ɗan kasuwa kada su sayar wa wanda suka san ɓarna zai yi, gama malaman Malikiyya sun hana cinikin da a ka san zai kai ga haram. Yana kuma kan mai tarawa ya kulle akwatinsa daga yara, ya tambayi kansa kafin ya fita: wane aiki ne wannan wuƙa za ta yi yau? Idan akwai amsa, ya ɗauka da sunan Allah. Idan babu, gida ya fi mata.

Allah ya shiryi matasan Musulmi, ya tsare hannuwa daga jinin bayinsa, ya sanya albarka cikin sana'ar masu sana'a. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.