Barewa Ba Ta Zama Doki: Gargaɗi Kan Shaidar Zur

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, mutanen ƙasar Sin suna da wani karin magana da suke yi wa mai juya gaskiya da gangan don ya yaudari jama'a. Sukan ce ya nuna barewa ya ce doki ne. Asalin maganar yana cikin littafin tarihin da malaminsu Sima Qian ya wallafa.

Sarkin da ya haɗe ƙasar Sin ƙarƙashin daular Qin ya mutu a shekara ta 210 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salamu. Sai wani bafade mai suna Zhao Gao ya haɗa baki da waziri Li Si, suka ƙaga wasiyyar ƙarya, suka naɗa ƙaramin ɗan sarki, Huhai, a maimakon yayansa Fusu. Daga bisani Zhao Gao ya sa aka kashe Li Si, ya gaje kujerarsa.

A shekara ta 207, da ya so ya san waɗanda za su bi shi ido rufe, sai ya kawo barewa gaban sarki, ya ce ga doki ya kawo gaisuwa. Sarki ya yi dariya, ya ce ai barewa ce, kana ya waiwayi fadawa ya tambaye su. Nan fada ta rabu uku: waɗansu suka yi shiru, waɗansu suka ce doki ne don neman yardar waziri, waɗansu kuwa suka ce barewa ce. Waɗannan na ƙarshe Zhao Gao ya bi su a asirce ya ƙulla musu sharri. Tun daga ranar kowa ya shiga tsoronsa.

Abin lura shi ne babu ko mutum ɗaya a fadar nan da bai san barewa ba. Ƙarfin ƙaryar ya fito ne daga bakunan da suka gaskata ta da kuma waɗanda suka yi gum. Mayaudari shi kaɗai ba ya iya kome sai ya sami masu shaida masa.

Saboda haka ne Musulunci ya tsananta kan wannan al'amari. A Suratul Hajji, aya ta 30, Allah Maɗaukakin Sarki Ya haɗa hani ga ƙazantar gumaka da hani ga maganar zur wuri guda. A Suratul Baƙara, aya ta 283, Ya bayyana cewa mai ɓoye shaida zuciyarsa mai zunubi ce. Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Abu Bakrata cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallama, yana kishingiɗe yana lissafa mafi girman zunubai, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya dakata don tausaya masa.

To, ina ribar da fadawan suka ci? Cikin wannan shekara Zhao Gao ya tilasta wa sarki Huhai kashe kansa. Ziying, wanda ya ɗora a gurbinsa, shi ya kashe Zhao Gao, kuma ba a jima ba daular ta rushe. Ƙarya fure take yi, ba ta 'ya'ya.

Ya kamata mai karatu ya auna kansa: in aka kira shi shaida gaban alƙali, ko kan iyakar gona, ko rabon gado, kuma mai ƙarfi ne ke da laifi, cikin wane kashi na ukun nan zai tsaya? Ranar da gaɓɓai za su yi shaida, ba wazirin da zai tsare wa wani.

Allah Ya ba al'umma ikon faɗin gaskiya kome ɗacinta, amin.