Aro da Sata, Ina Iyakarsu?

Daga Wurno har Rabah da Goronyo, in an haifa wa mutum ɗa yakan sa masa sunan mahaifinsa. Amma ran suna kaɗai ake faɗinsa a fili; bayan nan sai a sakaya, a riƙa kiran yaron Abba. Baƙo ba ya gane kome, ɗan gida kuwa ya san wanda ake tunawa.

To, ashe masu sana'a ma suna da irin wannan alkunya. A shekarar 1997 aka fitar da wani wasan kwamfuta a Amurka mai suna Fallout, inda aka kwatanta duniya bayan yaƙin nukiliya ya mai da birane kufai. A cikinsa akwai wani kare da ya rasa ubangidansa. In mai wasa ya sa rigar fata, sai karen ya bi shi. Wanda ya ga sinimar Mad Max ta biyu, ta 1981, nan take zai tuna da jarumin nan mai rigar fata da karensa. Masu wasan sun ɓoye gaisuwa ce ga waɗanda suka riga su.

Sai mai hankali ya tambaya: wanda ya ɗauki abin wani bai faɗa ba, ina bambancinsa da ɓarawo? Tambayar tana da nauyi, gama haƙƙin mai fasaha ba ya faɗuwa don hannu bai taɓa aljihunsa ba.

Malamai sun daɗe da nuna hanya. Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukan Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, ta Alfazazi ce, Ibn Muhibu ya yi mata tahamisi, watau ya ƙara layi uku a kan kowane biyu. Bai shafe sunan mai ita ba, kuma bai zo hannu wofi ba.

Saboda haka ma'auni biyu ne. Na fari, me mai ɗauka ya ƙara daga gumin kansa? Na biyu, yaya zuciyarsa take in an gano? Mai girmamawa ya bar sawu da gangan, murna yake yi in an bi shi. Ɓarawo kuwa share sawu yake yi, ran da aka gane shi sai ya sunkuyar da kai.

Wanda ya fita daga duhun jahilci, ya iya riƙe alkalami, lalle wannan magana ta shafe shi. In ya kwafe waƙar wani ya sa sunansa a ƙasa, ya ci amanar karatunsa, kuma kayan aro ba ya rufe katara. In kuwa ya gina nasa, ya bar alamar malaminsa a ciki, ya zama kamar uban Abba: sunan ya sakaya, amma bai manta da mai shi ba.