Raɓar da ta shekara ɗari ba ta bushe ba

Jama'ar Sabo! A watan jiya, bayan sallar la'asar, wani matashi cikin yaranmu ya jira har mutane suka watse, sannan ya matso ya ce, "Malam, ina da tambaya." Aikin gwamnatin tarayya yake nema, an ce sai ya kawo takardar indijin, wato shaidar cewa shi ɗan asalin wata ƙaramar hukuma ne. Ya je wani ofishi a nan garin, aka dubi sunansa, aka ce ya tafi jiharsu. Shi kuwa a nan Ibadan aka yanke cibiyarsa, nan aka haifi mahaifinsa. Kakansa ne ya zo daga ƙasar Kano da fataucin goro. Sau biyu kacal yaron ya taɓa taka ƙauyen, ɗaya ma ta'aziyya ce ta kai shi. To in ya je can ya karɓo takarda, ya rubuta cewa shi ɗan can ne, ya yi ƙarya?

Muka ce masa bai yi ba. Asalin kakansa ne, kuma asali takardar take tambaya. Ƙarya ita ce mutum ya biya kuɗi a rubuta masa garin da ba shi da kowa a cikinsa, wannan shaidar zur ce, da mai bayarwa da mai karɓa duk suna ciki. Ya yi godiya ya tafi. Amma wallahi amsar ba ta kwantar mana da hankali ba, don mun amsa abin da bakinsa ya faɗa ne kawai. Abin da ke ransa shi ne: ni ɗan ina ne?

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa da rana ta fito ta bushe, kaba kuwa saiwarta na ƙasa. An keɓe wa iyayenmu wannan unguwa a 1916, shekaru kaɗan bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, lokacin da shanu ke gangarowa kudu, goro na haurawa arewa. Tun daga ranar muke haihuwa a nan, muke aure, muke binne iyayenmu. Raɓar da ta haura shekara ɗari ba ta bushe ba, anya raɓa ce?

A takarda dai ba mu da matsala. Kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 41, ya ba kowane ɗan Najeriya damar zama inda ya so. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin da ya fito, na 43 kuma ya ba shi ikon mallakar fili da gida a ko'ina. Sai dai kundin nan shi ne kuma ya ce a raba muƙamai bisa jihohi, har ya ce a ɗauki minista daga 'yan asalin kowace jiha, kuma ya ɗaura asali a kan iyaye da kakanni. Daga nan takardar indijin ta samu gindin zama: aiki, kuɗin makaranta, tallafin karatu, shiga soja, duk ita ce mabuɗi. Haraji a nan muke biya, takarda kuwa sai mun shiga mota mun kwana a hanya. Can ɗin ma in ka je, sai mai unguwa ya ji Hausarka ya yi murmushi ya ce, "Ɗan kurmi ne."

Kuma abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021 ya tuna mana cewa zaman shekaru ba ya hana a wayi gari ana loda kaya a tirela. An rasa rayuka da dukiya a ɓangarorin biyu, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma mu riƙa faɗin gaskiya duka: a kwanakin nan akwai Yarabawan da suka ɓoye maƙwabtansu Hausawa, akwai Hausawan da suka yi haka.

Yanzu bari mu juyo kanmu, ko da ba za a ji daɗi ba. Mu nawa ne muka tara kuɗin shekara talatin muka gina gida a arewa, yana can a kulle ƙadangaru na kwana, alhali kwatar ƙofar gidanmu ta nan ta toshe, muna jiran wai gwamnati? Mu nawa ne muke da katin zaɓe na nan, muka san sunan kansilanmu? In an kira taron masu gidaje sai mu ce ai na 'yan gari ne. Muna kuka an ɗauke mu baƙi, mu kuma muna zama irin na wanda jakarsa ke rataye. Gina gida a garin kakanni ba laifi ba ne, zumunci ne. Amma haƙƙin maƙwabci da addini ya ɗora mana ba a kan mutumin ƙauyen da muke zuwa shekara-shekara ya fara ba. A kan wanda katangarmu ta haɗu da tasa ya fara, ko da wane yare yake yi, ko coci yake zuwa.

Akwai wani abin kuma. A Kano akwai Yarabawa a unguwar Ayagi tun kafin zuwan Turawa, ga kuma Sabon Gari cike da Ibo da Yarabawan da ba su san wani gida ba sai nan. In jikan ɗayansu ya nemi takardar indijin a can, ko ya tsaya takara, me za mu ce? In zuciyarmu ta ce "a'a, ai ba ɗan ƙasa ba ne," to mun ba ma'aikacin da ya mayar da yaronmu gaskiya ke nan. Ba za mu auna wa kanmu da babban mudu mu auna wa wani da ƙarami ba, mu 'yan kasuwa mun fi kowa sanin hukuncin wannan.

Ba abu ne da ba a taɓa yi ba. A shekarun 1950 mutanen Enugu sun zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garinsu. Kafin nan da nisa, Manzon Allah (SAW) da ya isa Madina ya ƙulla 'yan uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansar. Muhajirai sun yi kewar Makka ƙwarai, amma sun shiga kasuwar Madina, sun haƙa ramin kare ta, da yawansu a Baƙi'a aka binne su.

Yaron nan ya je ya dawo, ya samo takardar bayan kwana tara. Ya zo rumfa ya nuna mana, muka sa albarka. Muna cikin magana wayarsa ta yi ƙara, abokinsa ne, sai ga shi ya juya harshe zuwa Yarabanci, irin na Ibadan tsantsa, suna musu a kan wasan Shooting Stars da za su je kallo Adamasingba. Ya ninke takardar ya sa aljihu, ya ce, "Malam, sai na dawo magariba."