Ko Ɗaukaka Ƙara Rashin Haƙuri Ne?

A ƙasar Ingila akwai wani tallafi da gwamnati ke bai wa mutumin da doguwar jinya ko nakasa ta hana shi tafiyar da al'amuransa na yau da kullum. Ana kiransa PIP, an kuma fara shi a shekarar 2013. Sunan cutar da ke jikinka ba shi ake dubawa ba, ana auna yadda ta taɓa rayuwarka ne. Za ka cika fom mai tsawo, sa'an nan wani ma'aikacin lafiya, wanda ba lalle ne ya zama likita ba, ya yi maka tambayoyi ido da ido ko ta waya. Kana iya dafa abinci? Kana wanka da kanka? Mita nawa kake takawa kafin ka tsaya? Kowace amsa da makinta. Wanda ya sami maki 8 a wani sashe ya cancanci ƙaramin kaso, mai 12 ya sami babba, mai 7 kuwa ya tashi a tutar babu. Daga nan rahoton ya tafi ma'aikatar gwamnati, inda wani jami'in da bai taɓa ganin fuskarka ba zai yanke hukunci. Bayan 'yan makonni wasiƙa ta iso, ta ce ba ka cancanta ba.

Muna da 'yan'uwa a wannan ƙasa, kuma a gida ma ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki ya nemi diyya ya san ɗacin irin wannan wasiƙa. Tambayar da nake so mu duba tare ita ce: mai bi da aka hana shi, ya dace ya koma ya ce a sake duba maganarsa? Ko kuwa bangaskiya ta gari ita ce ya ninke takardar, ya ce Allah ne mai biya, ya yi shiru?

Kafin amsa, ka lura da wata al'adarmu mai kyau wadda takan juye ta cuce mu. Idan an ce wa marar lafiya "Yaya jiki?", amsarsa ɗaya ce: "Da sauƙi." Ko yana nishi, da sauƙi. A ikkilisiya mun ƙara mata da "Mun gode wa Allah." Ranar gwaji ma mutuminmu zai yi wanka ko da ya ɗauke shi awa guda, ya sa rigarsa ta zuwa sujada, ya daure ya miƙe tsaye don kada a ce ba shi da ladabi, aka tambaye shi ya ce yana lallaɓawa. Mai gwajin ba gaisuwa yake yi ba. Yana rubuta abin da ya ji da abin da ya gani, har da yadda ka shigo ɗakin da yadda ka zauna. Bai ga kwana biyun da za ka yi a kwance bayan wannan dauriya ba. Alhali ƙa'idar tallafin kanta ta ce ba a lissafa mutum cikin masu iya wani aiki sai in yana yinsa ba tare da haɗari ba, yana yinsa yadda ya kamata, yana iya maimaita shi, kuma cikin lokacin da bai wuce kima ba. Ta kuma ce a dubi yadda yake a yawancin kwanakinsa. Saboda haka rahoton da ya ce kana tafiya, don an gan ka ka taka sau ɗaya, rabin gaskiya ne. Wanda ya bar rabin gaskiya ta tsaya a kansa don kunya, ban ga yadda za a kira shirunsa haƙuri ba.

Littafi Mai Tsarki ya san cewa kallo ɗaya ba ya isa a yanke wa jikin mutum hukunci. Buɗe Littafin Firistoci sura 13, wadda yawancinmu muke tsallakewa a karatun asuba. Mutum ya ga tabo a fatarsa, aka kai shi wurin firist. Idan al'amarin bai fito fili ba, ba a yarda firist ya yanke magana nan take ba. Zai keɓe mutumin kwana bakwai, ya sake dubawa, in da hali ya ƙara wasu bakwai ya duba kuma. A sura 14 firist ne da kansa zai fita bayan zango ya sake duba wanda aka riga aka ware. Allah da ya naɗa firist bai ɗauke shi marar kuskure ba, sai ya sa sake dubawa a cikin shari'ar kanta.

Ka tuna kuma da 'ya'yan Zelofehad mata su biyar a Littafin Ƙidaya sura 27. Mahaifinsu ya rasu ba ɗa namiji, tsarin rabon gādo kuwa zai bar su hannu wofi. Suka tsaya a gaban Musa da firist da shugabanni da dukan taron jama'a, suka faɗi ƙararsu. Musa bai tsawata musu ba, ya kai maganar gaban Ubangiji, Ubangiji kuwa ya ba su gaskiya, har ƙararsu ta zama doka ga 'yan matan da za su zo bayansu. Manzo Bulus, wanda ya koya mana gamsuwa cikin rashi da samu, shi ne ya yi shekara biyu a tsare a Kaisariya, da ya ga ana neman miƙa shi ga masu farautar ransa, ya ɗaukaka ƙara zuwa wurin Kaisar. Gamsuwarsa ba ta ɗaure masa baki ba.

Wani zai kawo 1 Korintiyawa sura 6, inda aka tsawata wa masu kai juna kotu. Can maganar ɗan'uwa ce da ɗan'uwansa cikin ikkilisiya ɗaya. A nan ba ka ƙarar kowa don a hukunta shi. Kana bin ƙofar da hukuma ta buɗe da hannunta. A Ingila matakin farko shi ne ka nemi ma'aikatar ta sake nazarin hukuncinta, cikin wata ɗaya daga ranar da ke kan wasiƙar. A wannan mataki yawanci ba a canja komai, kuma a nan ne mutane da yawa ke karaya. In ba ka gamsu ba, kana da wani wata ɗaya ka kai maganar kotu mai zaman kanta, inda alƙali da likita da wani masanin rayuwar masu nakasa za su zauna su saurare ka, ba tare da ka biya kuɗi ba. Shekara da shekaru, fiye da rabin ƙararrakin da wannan kotu ta saurara masu ƙara ne suka yi nasara. Ka yi tunanin waɗanda suka ninke wasiƙar farko suka sa a ƙarƙashin katifa.

Sai dai, ɗan'uwa, gaskiyar da ta ba ka ƙarfin komawa ita ce za ta riƙe harshenka. Wanda aka hana shi sau ɗaya yakan ji wata murya tana ce masa, tun da gaskiya ba ta yi aiki ba, ƙara gishiri. Za a sami mai ba ka shawara ka zo da sanda alhali ba ka riƙe ta a gida, ko ka ba da labarin ranarka mafi muni kamar kullum haka take. Wannan shaidar zur ce, ko da a kan jikinka ka yi ta, kuma kowace ƙarya irin wannan tana sa a ƙara zargin gurgu na gaskiya da zai shigo bayanka. Ka faɗi kwanakin wahala da yawansu, ka faɗi na sauƙi da yawansu. Ka kuma sani kotun tana iya tabbatar da hukuncin farko, har tana da ikon rage abin da aka riga aka ba mutum. Ban yi maka alkawarin nasara ba, Bulus ma da sarƙa ya isa Roma.

Abin da ya fi nauyi a wannan tafiya ba tsoron alƙali ba ne. Dattijon da ya ciyar da gida shekara talatin zai zauna gaban baƙi uku ya bayyana cewa ba ya iya tashi daga bayan gida sai an kama shi. Wannan kunyar ce ke mayar da mutane gida, kuma a nan ikkilisiya take da aiki. Mun iya zuwa gaisuwa da lemo da addu'a, amma mu nawa ne suka taɓa zama da marar lafiya suka karanta masa rahoton gwajin layi bayan layi? Yana da ikon neman kwafin wannan rahoto. A sami wani cikin matasa ko zumuntar mata ya riƙe masa ɗan littafi na mako biyu, ya rubuta ranar da ya kasa wanka, da daren da bai runtsa ba, da lokacin da tukunya ta suɓuce daga hannunsa. A nemo takardun asibiti. Ranar zama kuma an yarda ya zo da mai rakiya, wanda zai tuna masa abin da kunya za ta sa ya haɗiye. Ku fara da duba kwanan watan da ke saman wasiƙar, domin wata ɗayan nan tun daga ranar ya fara tafiya.