HALI ZANEN DUTSE NE, AMMA WA YA HALICCI DUTSEN?



A 'yan shekarun nan, a darussan shirin aure da tarurrukan matasa a nan Sabon Tasha, mukan ji ana karkasa mutane bisa ga halinsu. Wani ya ce shi kolerik ne, wata ta ce mijinta filegmatik ne. Ya kamata mu san inda wannan koyarwa ta fito, da iyakar da za ta iya kai mu.

Asalinta daga likitocin Girka ne. Hipokiratis, wajen shekara 400 kafin haihuwar Ubangijinmu, ya koyar cewa akwai ruwa iri huɗu a jikin mutum: jini, majina, ruwan madaciya rawaya da baƙi. Galen, a ƙarni na 2, ya danganta su da hali. Mai rinjayen jini, wato sangwin, mai fara'a ne da son jama'a, amma yakan fara abu bai ƙarasa ba. Kolerik jarumi ne wajen aiki, mai saurin fushi. Melankolik mai zurfin tunani ne, mai riƙo a zuci. Filegmatik kuwa mai sanyin hali ne, wani lokaci har sanyin ya zama kasala. Likitocin zamani sun daɗe da watsar da zancen ruwan jiki, sunayen ne kawai suka rage. Daga baya Carl Jung ya wallafa littafinsa kan ire-iren hali a 1921, kuma a kansa ne Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers suka gina gwajin da ke raba mutane kashi 16. Masana sun lura cewa mutum ɗaya yakan sake gwajin bayan 'yan makonni ya faɗa wani kashi dabam.

Ba mu ce wannan ilimi banza ne ba. Matar da ta gane shirun mijinta ba raini ba ne, ta huta da zargi. Shugabar Zumuntar Mata da ta san wadda ta iya magana da wadda ta iya riƙon kuɗi, za ta ba kowa aikin da ya dace da ita. A Luka 10:38-42 mun ga Marta tana ta ɗawainiya, Maryamu kuwa tana zaune tana sauraro, kuma Yohanna 11:5 ya shaida mana Yesu yana ƙaunarsu duka biyu. Manzo Bulus ma, a 1 Korantiyawa 12, ya kwatanta Ikilisiya da jiki mai gaɓoɓi dabam-dabam.

Amma akwai ramuka biyu a wannan hanya. Na farko shi ne mu mai da hali hujja. Magidanci ya ɗaga wa matarsa hannu, sa'an nan ya ce, haka Allah ya yi ni. A'a, ɗan'uwa. Allah ya ba ka zafin zuciya, bai ba ka izinin duka ba. Zafin rai ba zunubi ba ne, abin da muka aikata da shi ne za mu furta a gaban Fada. Waliyyi Faransis na Sales, wanda ya rasu a 1622, an san shi da zafin rai tun yana saurayi, ya yi shekaru yana fama da kansa, har Ikilisiya ta riƙa misali da tawali'unsa. Bitrus wanda ya zare takobi a gonar Gatsemani, ya kuma yi musun Ubangijinsa sau uku, shi aka danƙa wa kiwon tumaki. Waliyyi Toma Akwinas ya koyar cewa alheri yakan kammala halitta ne, ba ya rushe ta.

Rami na biyu ya fi zurfi: mu saka ɗan'uwanmu cikin akwati mu kulle. Mu mutanen Kaduna mun san kuɗin wannan. Tun rikicin Fabrairu 2000 kogi ya zama mana iyaka, da yawa cikinmu ma ta haka suka dawo Sabon Tasha da zama. Bakin da ya saba cewa duk mai hali kaza haka yake, ba zai sha wuya ba wajen cewa duk Bajju, ko duk Ibo, ko duk Bahaushen ƙetaren gada haka yake. Wanda muka yanke wa hukunci tun bai buɗe baki ba, mun hana shi damar tuba, mun hana kanmu damar ƙauna.

Saboda haka a wannan mako kowannenmu ya yi abu biyu. Ya nemi aibi guda da ya daɗe yana fakewa da sunan hali, ya kai shi wurin furta zunubi. Ya kuma nemi mutum guda da ya riga ya gama karanta shi, a gida ko a kasuwa, ya zauna ya saurare shi kamar yau suka fara haɗuwa.

Kakanninmu sun ce hali zanen dutse ne. Sun yi gaskiya gwargwadon ƙarfin ɗan Adam. Amma Ezekiyel 36:26 ya tuna mana da Wanda ke cire zuciyar dutse ya ba da ta nama. Bari Uwarmu Maryamu ta yi roƙo dominmu. Amin.