Ko Labarin da Aka Ƙaga Ƙarya Ne?

Akwai wata damuwa da takan shiga gidan mai bi sa'ad da yaro ya dawo hutu daga makarantar sakandare. Uba ya sayar da hatsi, ko kuwa ya ci bashi, ya sayi littattafai. Da dare sai ya ce wa 'yarsa ta karanta masa kaɗan daga abin da ake koya musu, ta juya masa da Hausa. Sai ya ji labarin wani mutum da ya sare yaron da yake kiransa baba, ga matsafa, ga majami'a da aka ƙone. Ya ce, "Wannan a wane gari ya faru?" Ta ce, "Baba, bai faru ba, marubuci ne ya ƙaga." Daga nan hankalin uban ya tashi. In abin bai faru ba, ashe ƙarya ce ke nan. To, don me malami zai karɓi albashi yana koya wa 'ya'yan mutane ƙarya, da harshen da ba nasu ba?

Tambayar ba ta wauta ba ce, gama abin ya shafi gidaje masu yawa. A Gana, da Najeriya, da Saliyo, da Gambiya, da Laberiya, hukumar jarrabawa ta WAEC, wadda aka kafa a 1952, ita ce take auna yara a ƙarshen sakandare. Harshen Turanci dole ne ga kowane ɗalibi, adabin Turanci kuwa zaɓi ne, inda ake karanta labarai da waƙoƙi da wasannin kwaikwayo. Uban da yake wannan tunani kuma ba shi ne na fari ba. Waliyyi Agustin, wanda aka haifa a 354 a Tagaste, cikin ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, ya yi shekaru yana koyar da fasahar magana kafin ya tuba. Daga baya ya rubuta da baƙin ciki yadda yana ɗan makaranta ya yi ta kuka saboda mutuwar Dido, wata sarauniya ta cikin waƙar Latin, alhali kuwa bai zubar da hawaye ko ɗaya saboda ransa da yake nesa da Allah ba. Amma abin lura, da fasahar da ya koya a wannan makaranta ce ya rubuta tubansa har ake karanta shi yau.

Sai a fara da sanin mece ce ƙarya. Mai ƙarya yana so a gaskata abin da shi kansa ya san ba haka yake ba, domin ya ruɗi mai ji. Mai tatsuniya ba ya ruɗin kowa, gama tun daga buɗe baki kowa ya san gizo da ƙoƙi ba su da gida a unguwa. Littafi Mai Tsarki ma ya nuna wani abu da ya fi wannan. A Sama'ila ta Biyu, sura 12, Dawuda ya riga ya ɗauke matar Uriya, ya sa an kashe mijin a bakin yaƙi, yana zaune a fāda lafiya lau. Da annabi Natan ya shigo ya fara da zargi, da sarki ya sami abin kāre kansa. Sai ya ba shi labarin wani mawadaci mai garkuna, wanda ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tak ta matalauci ya yanka wa baƙo. Dawuda ya husata, ya yanke hukunci, sa'an nan aka nuna masa kansa ya hukunta. Babu wannan mawadaci, babu wannan tunkiya, duk da haka ba a taɓa faɗa wa Dawuda gaskiya mai kaifi kamar ta ranar nan ba. Ubangiji Yesu kuma da misalai ya yi ta koyarwa, ba wanda ya taɓa neman sunan mai masaukin da Basamariyen nan ya biya kuɗi a hanyar Yariko.

Littafin da yarinyar ta karanta wa ubanta shi ne Things Fall Apart, na Chinua Achebe, wanda aka buga a 1958, aka kuma daɗe ana karanta shi a makarantun Afirka. Achebe, wanda ya rasu a 2013, ɗan gidan masu bi ne, mahaifinsa malamin bishara ne na mishan ɗin CMS a ƙasar Ibo. Ya san majami'a daga ciki. A labarin, Okonkwo ya riƙe wani yaro, Ikemefuna, shekara uku a gidansa. Da aka ce tsafin gari ya nemi ran yaron, wani dattijo ya gargaɗe shi kada ya sa hannu. Amma ya sa, don kawai kada a ce shi rago ne. Ɗansa na cikinsa, Nwoye, bai warke daga wannan ba, kuma ya riga ya taɓa jin kukan tagwayen da aka yar a daji. Sa'ad da masu wa'azi suka zo, zuciyarsa ta riga ta tsage, bishara ta sami wurin shiga.

Har nan mai bi zai ji daɗi. Amma marubucin bai bar shi nan ba. Ya kawo Turawan mishan biyu. Na farin, Brown, yakan zauna da dattawan gari ya saurari abin da suka gaskata, ya gina makaranta da asibiti. Na biyun, Smith, ba shi da wannan haƙuri, a zamaninsa ne wani sabon tuba mai zafin kai ya tuɓe wa dodon gari fuska a bainar jama'a, har aka ƙone majami'ar. Ya kuma sa mai karatu ya zauna kusa da Okonkwo, uban da ɗansa ya bar shi ya bi sabuwar hanya, ya ji zafin da yake ji. A gidajen masu bi da yawa akwai kaka ko kakan kaka da ya sha irin wannan zafi, ba a kuwa cika ba da labarinsa a wa'azi ba. Yarinyar da ta karanta wannan da kyau za ta koma ƙauye ta gai da 'yan'uwanta da ba su bi ba da wata irin ladabi dabam. Wannan aikin Natan ne, kuma shi ne aikin malamin adabi in ya san aikinsa.

Ba kowane littafi ne ya dace da kowane yaro ba, wannan gaskiya ne, iyaye kuma suna da ikon tambaya. Daniyel ya koyi littattafan Kaldiyawa da harshensu, amma ya ƙi abincin sarki. Sai dai labarin da ya nuna zunubi da sakamakonsa dabam yake da wanda yake tallar zunubi.

Akwai ƙarya a ajin Turanci kam, amma ba inda uban yake nemanta take ba. Tana wajen rubutu. An ce yaro ya rubuta wasiƙa zuwa ga kawunsa, ko labarin ranar da ba zai manta ba. Sai ya haddace wanda aka buga a ɗan littafin kasuwa, ya zuba a takarda, ya sa sunansa. Aji guda, yara goma duka sun yi haɗarin mota ɗaya a hanya ɗaya. Ko kuwa an tambaye shi me ya sa Okonkwo ya kashe yaron, shi kuwa bai buɗe littafin ba, taƙaitawar wani ya haddace. Tun daga ƙarshen 2022, da ChatGPT da ire-irensa suka shigo waya, ko wahalar haddar ma ta ragu. Nan ne ake son a gaskata abin da ba haka yake ba, nan ne ake ruɗin mai ji. Abin kunya kuma, wani uban da ya firgita da labarin ƙage, shi ne zai ba da kuɗi a samo wa ɗansa amsar jarrabawa, ya kuma je sujada ran Lahadi da zuciya kwance.

Malamin ma yana da nasa laifi in ya fi ba da maki ga Turanci mai santsi na aro a kan gurguwar jimla ta gaskiya. Aji ya cika maƙil, takardu sun yi tsibi, duba na aro ya fi sauƙi. Amma akwai malaman da sukan mayar wa yaro da takarda mai kyau su ce, "Wannan ba muryarka ba ce, je ka rubuta mini abin da ka gani a kasuwar garinku." Yaron ya dawo da shafi ɗaya cike da kurakurai, yana ba da labarin yadda uwarsa ta yi cinikin barkono har rana ta faɗi ba ta sayar da rabi ba. Malamin ya zauna da jan biro, ya gyara kalma bayan kalma, bai taɓa labarin ba.